SAI FITILA TA MUTU

Shafi na 17

Masu zagin Burahima a ƙasan shafin jiya, ku sassauta masa. Mutum ne mai tsoron a kira shi a salula da mummunan labari, ba wani abu ba. Mu koma gidan.

*

Fadilu ya shigo da allon a hammata.

Katako ne, bai fi faifai girma ba. Abu uku ya kafa a kai: babban makunni ja, ƙaramin madanni irin na odar moto, da ampul, ƙwan fitilar babbar mota kamiyo, da ya samo a garejin bakin tasha.

Mahaifiyarsa, Inna Yabawa, tana ƙarƙashin rumfa tana tsigar zogale.

"Auta, ka ci abinci?"

"Na ci."

"A ina?"

"A hanya."

"Hanya ta fara tuƙa tuwo ke nan."

Ya wuce ɗakin batir.

Ɗakin ya ɗau zafi. Batir biyu a kan bulo, firigo a kusurwa, bakinsa a buɗe, ba kome a ciki. A bango ga ondila, akwatin da ke karɓar wutar batir ya juya ta irin wadda firigo ke ci. Turakun kuran, wutar gwamnati, ba su iso unguwarsu ba, da wutar rana suke rayuwa, wadda pano ke tarawa daga kan rufi. Ondila biyu sun ƙone a gidan nan tun shigowar bazara. Wannan ta uku ba sabuwa ba ce. Gawar biyun ya buɗe, ya tsinci abin da ke da rai a ciki, ya haɗa guda.

Allurar sugan Inna tana can likita, cikin firigon majo, babban malamin asibitin. Kullum sai Fadilu ya hau moto, babur ɗinsa, ya ɗauko, ya mayar. Yayansa Burahima ya ce wannan ba zama ba ne. Yau yake tafe daga Damagaram, ɗazu ya kira daga Gidigir. Maganarsa ɗaya ce: in bai tarar da firigo na aiki ba, da Inna zai koma.

Fadilu ya durƙusa gaban batir, ya sake duban kan dalmar da waya ke kamawa. Duk ya ciccinye. Ramuka ƙanana baƙaƙe, kamar fuskar wanda ya yi agana. Da hannunsa ya ɗaura wayar nan, sau ɗaya. Sau ɗaya ba ya yin wannan ɓarna.

Ya kafa allon a bango. Ya yanke jar waya, ya sa babban makunnin a tsakani. Ya ɗauko siririya ya kewaye makunnin da ita, ta bi ta madanni, ta bi ta ampul, ta koma. Hanya biyu ke nan zuwa ga ondila, babba da ƙarama.

Ya share gumi.

"Inna."

"Na'am."

"Zo ki ga wani abu."

"Ni me na sani a wayoyinka?"

"Zo dai."

Ta taso tana goge hannu da gefen zane. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Shigo mana."

"Daga nan ma ina gani."

"Ba ni hannunki na dama."

Ta dube shi. Sannan ta miƙa. Lalle ya rufe babban yatsan, amma bai ɓoye ba. Ƙuna ce ɗigo-ɗigo, wata ta warke, wata da saura.

"Murhu ne," ta ce.

"Murhu ba ya ƙuna haka."

Ya saki hannun. Ya zura nasa bayan firigo ya jawo wani tsumma, ya warware. Ƙaramin kilensa ne na kwance ƙusa.

"Na nemi wannan har na zargi yaran maƙwabta."

Inna ta shigo. Ta jawo kujerar tsuguno ta zauna, ta gyara kallabi.

"Babanku ko rediyo ba ya barin batir ya kwana a ciki," ta ce. "Ana gama labaru ya zare, da safe ya shanya su a rana. Tocila kuma a juya mata guda. Haka muka taso. Abin da ya yini yana aiki, ba za a bar shi ya huta ba?"

"Wannan ba tocila ba ce."

"Batir dai batir ne."

"Kullum kike cirewa?"

"In za a kwanta. In na yi asuba in mayar."

"Shi ya sa da safe nake jin ruwan ba sanyi."

"Ka taɓa tambaya?"

Bai taɓa ba. Ya naɗe kilen ya sa a aljihu.

"Ban kira ki don in hana ki ba," ya ce. "Na san ba za ki bari ba. Ki kashe duk sanda kika ga dama. Mayarwar ce ke kisa."

Ya ɗauko wani abu a ƙasa, kamar gwangwanin tumatir, kansa ya kumbura ya tsage.

"Irin wannan ne a cikin akwatin. Kondansata. In kika cire waya, sai cikinsu ya zama wayam. Da kin mayar sai su zuƙi wuta gaba ɗaya, kafin ki ƙifta ido, fiye da abin da za su iya ɗauka. Tartsatsin da kike gani ke nan."

"Da na ɗauka alamar lafiya ce. Masu gyaran moto ma da tartsatsi suke gwada batir."

"Kowa haka ya ɗauka."

"To."

"Da azumi, in an kira magariba, da me ake farawa?"

"Ka rasa wa za ka tambaya sai wadda majo ya hana dabino?"

"Da can."

"Dabino. Da kurɓin ruwa."

"Me ya sa ba tuwo ba?"

"Don ciki ya ɗaure, ka yini a kwance kana nishi, irin na yayanka shekarar da ya fara azumi."

"To fitilar nan ita ce dabinon. Wuta za ta bi ta cikinta kaɗan-kaɗan har cikinsu ya cika. Sannan a buɗe musu babbar hanya."

Inna ta ɗaga kai ta dubi ampul ɗin.

"Me ya sa fitila?"

"Da rezistans na fara, mai rage gudun wuta. Ƙarama ta yi zafi har ta yi wari. Da na sa babba, sai mutum ya yi ta jira. Kuma ba ta nuna kome, sai an sa mita ake sanin ta gama. Wannan kina ganinta da ido. In wuta na gudu tana ci. In cikinsu ya cika, gudun ya tsaya, sai ta mutu."

"Karatun lekol kake yi min?"

"Na kusa gamawa. Tashi."

Ta tashi. Ya tsaya a bayanta.

"Da farko ki tabbata akwatin a kashe yake. Ga nan, a goshinsa. In yana kunne, firigo zai riƙa shanye abin da ke shiga, ba za su cika ba."

"A kashe yake."

"Danna ƙaramin. Kada ki saki."

Ta danna da yatsan mai ƙuna. Fitilar ta kama, fara tas, har Inna ta ɗan ja kai baya. Sai ta koma rawaya. Ta koma ja kamar garwashi. Ta yi ta ragewa har ya zama zare ɗaya ne ke ci a ciki. Shi ma ya tafi.

"Ta mutu," in ji Inna.

"Yanzu murɗa jan."

Ta murɗa. Ba ƙara, ba tartsatsi. Ƙas kawai, irin na kwado.

"Saki ƙaramin. Kunna akwatin."

Ta kunna. Koren ido ya buɗe a goshin ondila. Firigo ya girgiza, ya kama gurnani a hankali. Fadilu ya tura ƙofarsa ya rufe.

"Abu ɗaya," ya ce. "Kada ki taɓa murɗa jan kafin fitila ta mutu. Wannan faci ce. Duka ɗaya ya ishe ta, kuma ba ni da wata."

Suka tsaya suna saurare. A waje akuya na tunkuyar ƙyauren langa-langa. Fadilu ya ji kafaɗunsa sun sauka. Zai ɗauko allurar kafin Burahima ya iso. Ya fara laluben makullin moto.

"Auta."

"Na'am."

"Zauna."

"Inna, majo zai tashi."

"Zauna na ce."

Ya zauna a kan bulo. Ita ta koma kujerarta, ta haɗa hannuwa a cinya.

"Ka yi min karatun da na riga na sani. Na ƙyale ka ne don na daɗe ban ji ka yi magana mai tsawo haka ba."

Ya ɗago.

"Ondila ta farko ban sani ba," ta ce. "Allah ne shaidata. Ta biyu na sani."

"Kin san me?"

"Ranar da ta farko ta mutu, kana tsakar gida kana gaya wa yayanka a salula. Ka ce tartsatsi ne ke cin su. Ka ce ƙila waya ce ta saki. Ina wanke-wanke, ina jin ka."

Ta gyara zama, ta ci gaba.

"Da aka kawo ta biyu, sai in jira ka fita. In cire, in bari ta huce, in mayar. In cire, in mayar. Ta yi taurin rai, wallahi. Ranar Laraba ce ta yi wari."

"Allurarki na ciki."

"Na fitar da ita tukuna. Na naɗe ta a jiƙaƙƙen tsumma na sa gindin randa. Ni ba mahaukaciya ba ce."

"Yaya ya ce ban iya aiki ba. A gaban matarsa ya faɗa, ina jin muryarta."

"Na sani. Wannan ya yi min ciwo."

"Amma kika yi shiru."

"Na yi shiru."

Ya dubi ƙasa. Akwai guntun waya kusa da ƙafarsa. Ya ɗauka ya lanƙwasa, ya miƙe shi, ya sake lanƙwasawa.

"Don me?"

"Na gamu da Zaliha a wurin suna."

Zaliha uwar Aisami ce, abokinsa na makarantar lise, wanda ke koyon aikin lantarki a Maradi.

"Ta ce Aisami ya nuna wa malaminsu hoton aikinka. Malamin ya ce ka zo, ya riƙe maka wuri har bayan Sallah. Ta yi min barka. Na amsa barka kamar na sani."

"Ba wani abu ba ne."

"Me ka ce musu?"

"Na ce ba ki da lafiya."

"Uhm."

"Gaskiya na faɗa."

"Rabinta."

"Inna."

"Tun da aka karanta sunayen waɗanda suka ci jarrabawar bak ba naka, ba ka sake taka inda ake gwada mutum ba. Ka duba, ka samu tsohuwa mai suga, ka laɓe a bayanta. Ni kuma na ji daɗin inuwar, ban kore ka ba. Mu biyu muka yi laifin."

Wayar ta karye a hannunsa. Ya jefar.

"Wata guda kika yi a gidan Yaya," ya ce. "Kin dawo zane na zame miki. Matarsa Balki ta ce yini kike kina kallon bango."

"Bangon ba shi da laifi. Fenti ne mai kyau."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma. Na san gidan. Siminti ne har ƙofa, ko kaza ba ta da inda za ta yi tono. In na buɗe baki da Barbarci ba mai amsa min, jikokin sai dariya. Ba na son zuwa, Auta. Kada ka ɗauka ina so."

"To ki zauna. Ga shi na gyara."

"In zauna, wa zai hau moto in sugan ya faɗi? Wa zai wanke pano? Kai."

"Ni na ce na gaji?"

"Da ka ce, da na ji sauƙi."

"Dabinon Baba fa, a kwari?"

"Kawunka Garbai na nan. Ya fi ka hawa ma."

"Gidan?"

"A rufe shi. Gida ba ya gudu."

Ya tashi. Ɗakin ba wurin tafiya, ya kai bango ya juyo.

"Da kin bar ni na zaɓa da kaina."

"Na bar ka. Damina nawa ta wuce?"

Firigo na ta gurnaninsa.

"Dubi abin da ka yi," ta ce, ta nuna allon da haɓa. "Da fitilar kamiyo da katakon akwatin sabulu. Ka zauna ka yi tunanin yadda tsohuwa za ta yi wautarta ba tare da ta ɓata kome ba. Wani da ya ɓoye kilen ya huta. Wannan kan ne za ka ƙarar a tsakanin gidan nan da likita?"

"Kan nawa ne."

"Ni na haife shi."

Ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta matso gaban allon. Fadilu ya ga inda idonta yake.

"Na gane abin da ba a yi," ta ce. "Ka koyar da kyau."

"Za ki yi?"

"A'a. Waɗancan na kanti ne. Wannan na ga yadda ka sunkuya a kanta har wuyanka ya ƙage. Ba zan iya ba."

Ta kama jan makunnin ta mayar da shi baya. Firigo ya yi ɗan tari ya yi shiru. Koren idon ya dushe, ya rufe. Ba ta kashe akwatin ba, ta bar shi ya gama zuƙe abin da ya rage a ciki.

"Ba na roƙon ka ƙona kome. Ka ce masa ba ta tashi ba. Shi ke nan."

"In yi wa Yaya ƙarya."

"Ka yi wa mutanen Maradi."

"In ce na kasa, sau uku."

"Zai yi surutunsa har Gidigir, ya manta. Ka san shi."

"In na ƙi fa?"

"Sai in zauna. In riƙa danna ƙarami ina murɗa ja, kamar yadda ka ce. Kai kuma ka tsufa a zauren nan. Ina kallo."

A waje mota ta tsaya. Ba irin ƙarar motar haya ba ce. Aka buga ƙofarta, yaran unguwa suka ɗau hayaniya.

"Salamu alaikum."

Inna ta gyara mayafi. Fuskarta ta koma yadda take kullum.

"Wa alaikumus salam. Kai ne tafe da ranar nan? Shigo, muna nan."

Burahima ya sunkuyo ta ƙofar ɗakin, rigarsa ta manne da baya. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi jiki, ya tambayi ƙafa, ya isar da gaisuwar Balki da yara. Ta ƙofar zaure Fadilu na hango motar, kat-kat fara. Aro ce. An kwantar da kujerun baya, ga igiya a naɗe a sama.

"Ka sha ruwa tukuna," in ji Inna.

"Zan sha." Ya miƙe ya juyo. "Patron. Ina labari?"

Fadilu ya buɗe baki.

"Ba ta tashi ba," Inna ta riga shi. "Ya yi iya yinsa. Tun safe yake fama."

Burahima ya ja numfashi ya sauke. Ba fushi a fuskarsa, gajiya ce.

"Bon. Na faɗa tun farko. Ba laifinka ba ne, Fadilu, abin ya fi ƙarfin faci. Inna, a fara haɗa kaya, ina so mu kama hanya da sanyin safiya."

"To."

Ya buɗe firigo, kamar mai duba gawa kafin a rufe. Ya zura hannu. Ya ɗan tsaya.

"Da ɗan sanyi a ciki."

"Na inuwa ne," in ji Inna.

"Wace inuwa a ɗakin nan?"

Ya rufe. Idonsa ya bi waya daga firigo zuwa ondila, daga ondila zuwa bango. Ya tsaya a kan allon.

"Wannan kuma sabo ne. Ban san shi ba."

Ya juyo wurin Fadilu.

"Ka tabbata ka kunna kome? Kai wani lokaci sai ka yi aikin wuya ka manta da mai sauƙi. A biro, wurin aikinmu, ma haka aka kira mai gyara daga gari, ashe makunni ne ba a taɓa ba."

Ya matsa gaban allon. Bai ko dubi ƙaramin madannin ba. Wa zai dube shi, ga babba ja a tsakiya.

Fadilu ya ɗaga ƙafa. Yatsun Inna suka kama wuyan hannunsa ta baya, suka matse.

Burahima ya ɗora hannu a kan jan makunnin, ya waiwayo.

"Ta wane gefe ake murɗawa?"